Igiyar Besebes

Besebes bai yarda da kowa ba, kuma bai taɓa ɓoye wannan hali ba. In ka ba shi kifi sai ya buɗe kunnen kifin a gabanka ya shinshina. In likita ya rubuta masa magani sai ya kai takardar wurin wani likitan ya ji ko bakinsu zai zo ɗaya. Matarsa, Allah ya ji ƙanta, ta ce shekara arba'in tana dafa masa gwaza, bai fasa juya ta ya duba ƙasanta ba.

Mutumin ƙauyen Ngermedal ne, a tsibirin Babeldaob na Palau. Ubansa ya koyi yakyu, wato ƙwallon gora, a hannun Japanawa, kuma har ya mutu ana labarin jifansa. Besebes bai gaji komai ba. Bugu bai iya ba, jifa bai iya ba, gudu kuwa sai ka ce kaguwa. Da aka gaji da shi aka ba shi aikin shata fili, ya riƙe shi shekara talatin da ɗaya. Shi ke ƙona duwatsun teku ya fitar da farar ƙasa, ya ɗebi ta taunawa da buuch, goron ƙasar mai sa jan yawu, sauran ya zuba layi da ita. Awo kuma da igiyarsa yake yi, ta zaren kwakwa, wadda ya tufka da hannunsa ya auna ta ƙafa casa'in daidai, nisan da doka ta ce ya kasance daga zango zuwa zango. Tef ɗin ƙarfe bai yarda da shi ba, don bai san wanda ya buga lambobin ba.

A kan wannan fili Ngermedal ta yi suna da gudu. Yaransu ƙanana ne marasa nauyi, su ɗan taɓa ƙwallo su zura, kafin a cafke a jefa sun kai zango. Abokan hamayyarsu na Ollebil ƙatti ne masu dukan ƙwallo har cikin rogo, amma in suka zo Ngermedal sai su koma da kunya. Kullum suna cewa filin gajere ne. Besebes kan tofar da jan yawu ya ce ƙafafunsu ne gajeru.

Sai bana aka gina sabon fili a tsakanin ƙauyukan biyu, da rumfar 'yan kallo da allon maki, aka ce duka biyun nan za su riƙa wasa. Saura mako uku a buɗe kakar wasa, gari ya ɗauki zafi. Mata suna rabon wuraren sayar da shinkafa da soyayyen kifi, samari suna rina riguna, tsofaffi suna musu kan wanda zai fara jifa. Besebes abu ɗaya ya tambaya, wa ya auna filin? Aka ce Yutaka ne, ma'aikacin awon ƙasa, ɗan Ollebil, kuma mijin 'yarsa.

Ya ce ai biri ya yi kama da mutum. Tun ranar da yaron ya zo neman aure da murmushi har kunne ya san akwai abin da yake nema bayan yarinyar. A zauren taron ƙauye ya miƙe ya ce an tsawaita zangunan don a kashe wa Ngermedal gudu, kuma ranar Asabar da hantsi zai auna a gaban kowa. Labari ya kai Ollebil kafin ya zauna.

Amma da yake bai yarda ko da ranar da ya sa da bakinsa ba, sai ya je tun Alhamis da safe, kada a gyara kafin ya zo. Ya tafi da yayarsa Ulang, shugabar ƙungiyar matan ƙauye, don ita ce bai cika zargi ba. Ta taka bakin igiya a gida, wato zangon da mai bugu ke tsayawa, ya ja zuwa zango na ɗaya. Igiya ta ƙare, zango yana gaba da ƙafa uku. Ya gwada na biyu da na uku, duk haka. Ya tsaya yana dariya shi kaɗai, yana ta kiran sunan surukin nasa.

Ulang ba ta yi dariya ba. Ta bi igiyar da hannu tana tafe har ta iso shi.

"Wannan ƙullin na mene ne?"

Ya ce na shekarar da ɓera ya ci ta ne, ya yanke wurin ya ɗaure.

"Wannan fa?"

Na guguwar da ta kwashe rufin makaranta ne. Na gaba kuma injin yankan ciyawa ne ya bi ta kai. Ta ƙirga ƙulli tara.

"Besebes, kai da ka fi kowa wayo, in aka yanke igiya aka ƙulla, tsawo take ƙarawa?"

"Yaya, ke ma sun saye ki?"

"Da me? Da kai?"

Ya naɗe igiyarsa. Washegari ya shiga mota zuwa birnin Koror ya sayi tef biyu a kantuna biyu, na Bafilipine ɗaya, na Basine ɗaya, don kada su haɗa baki. Ya shimfiɗa igiyar a bayan gidansa inda ba mai gani. Tef na farko ya ce tamanin da bakwai. Na biyu ma haka. Ya daɗe a tsugune yana tunanin ko masana'anta ɗaya ta yi su. Daga baya ya bar wannan ya shiga tunanin kofuna goma sha ɗaya da ke jere a zauren taro, waɗanda aka ci a filin da ya auna da igiyar, da bakin mutanen Ollebil in suka ji.

Ranar Asabar jama'a ta cika rumfa kamar ranar wasa. Besebes ya zo hannu rabbana, ya ce igiyar ta jiƙe, jiƙaƙƙiyar igiya kuwa ba ta faɗin gaskiya. Ya zaga filin da ƙafa, ya daddaki ƙasa, ya ce ba laifi. 'Yan Ollebil suka yi shewa. 'Yan Ngermedal suka fara raɗa cewa suruki ya toshe masa baki da kunkurun teku.

Yutaka ya matso da ladabi, hula a hannu. Ya ce ya gode wa Rubak, wato dattijo, da ya wanke shi. Sannan ya ce tunda za a bar tsohon filin, ofishinsu yana so a auna shi ranar Litinin a rubuta a ajiye don tarihi, kuma shi da kansa zai zo da tef.

Besebes ya kafa masa ido. Fuskar yaron sumul, ba a karanta komai a kanta. Ko ya sani ne tun tuni yana jiran ranarsa? Ko 'yarsa, matar yaron, ce ta leƙa bayan gidan jiya? Ko Ulang ce bakinta ya suɓuce? Ko kuwa da gaske tarihin ne? Ya juya kowanne a ransa, bai samu wanda zai jefar ba.

Da azahar ya sami Ulang a fadamar gwaza tare da mata shida, laka har gwiwa. Bai taɓa roƙon kowa komai ba, don haka bai san yadda ake farawa ba. Ya yi gyaran murya, ya yaba ganyen gwazar, ya ce ya daɗe yana lura matan ƙauyen nan ba su da isasshen wurin shuka rogo, ga tsohon fili zai zauna banza.

Ulang ta ce wannan magana sai bayan kakar wasa, yanzu kowa na shirin buɗe wasa.

"Yaya, gobe nake nufi. Ku zo da fartanyoyi ku duka, ku fara ta inda zangunan suke, ku tone turakunsu ku jefa a teku. Ku yi kunya-kunya har kan layi. Don Allah kada Litinin ta same shi yana fili."