Yatsan Malam a Kan Gilashi

A cibiyar koyon kwamfuta da ke saman shagon gyaran firji, ba mai kiransa da sunansa na yanka. Malam Sa-Yatsa ake ce masa, har matarsa in ta so tsokanarsa. Shi ke karɓar sababbin shiga, waɗanda ba su saba da madannan kwamfuta ba, kuma tun cibiyar na da kwamfuta uku darasinsa na farko bai canja ba: a koya wa na'ura ta ƙirga sau nawa harafi ɗaya ya fito a cikin jimla.

Abin ba wuya a bakinsa. Ka buɗe akwatin ajiye lamba a cikin na'urar ka sa sifili a ciki. Ka umarci na'ura ta bi jimlar harafi bayan harafi, duk inda ta haɗu da wanda ake nema ta ƙara ɗaya a akwatin. Amma kafin ka danna komai, dole ka ɗora yatsa a kan gilashin kwamfutar ka ƙirga da kanka. "Wanda bai riga na'ura sanin amsa ba," in ji shi, "ko ƙarya ta yi masa godiya zai yi mata." Shi ya sa gilasan ɗakin nan kullum cike suke da shaidar yatsu, mai shara kuma ba ta gajiya da mita.

Damuwarsa ita ce idanunsa. Wani hazo ya fara taruwa a cikinsu, har ƙananan haruffa suka koma masa kamar tururuwa a kan tire. A gida matarsa ta ga ya zuba shayi a gefen kofi.

"Baban yara, ba za mu je a duba idon nan ba?"

"Gajiya ce kawai."

"Gajiyar ce ta sa jiya ka gaida rigar da na shanya a igiya?"

Bai yi dariya ba. Tsoro yake ji, tsoro sosai. Mai cibiyar ɗan wani marigayi amininsa ne, Baba yake kiransa, yana rusuna masa. Amma ladabi daban, aiki daban, ga matasa masu kaifin ido suna ta zarya neman gurbi. Malam ya san in aka ji ba ya ganin gilashi, ajin nan ya bar hannunsa, shi kuwa ban da ajin nan bai san abin da zai tashi ya yi da safe ba.

Abin da ya rufa masa asiri shi ne hadda. Jimlolinsa na da duk ya san amsarsu. In aka ce "ruwa ba ya tsami banza", ko a barci ka tashe shi zai ce maka harafin "a" shida ne. Sai mai cibiyar ya kawo sababbin jimloli dogaye, wai tsofaffin sun zaga gari, ɗalibai na zuwa da amsa daga gida.

A ajin akwai wata mai aiki a kantin magani da ake kira Maman 'yan biyu. Ba ta da saurin ganewa, amma akwai naci, maganar Malam kuwa a wurinta yankan wuƙa ce. Ranar da aka fara aiki da sababbin jimlolin, ita ta fara gamawa. Na'urarta ta ce goma sha ɗaya. Malam ya sunkuya, ya bi layin da yatsa, ya samu tara.

"Sake dubawa. Tara ne."

"Malam, ni ma da na ƙirga..."

"Ke za ki koya mini ƙirga?"

Ta koma kan madannanta. Shi ma da ya wuce sai da bakinsa ya yi masa ɗaci, don bai saba daka wa ɗalibi tsawa ba.

Ana gab da tashi ta ɗaga hannu, fuskarta cike da murna. "Malam, ya ba da tara!"

Ya dawo, ya kai fuskarsa dab da gilashin kamar mai shinshina, ya sa ta ƙara girman rubutun, wai don na baya su gani. Sai ga abin ƙuru-ƙuru. Umarninta na farko lafiya lau yake, ba ko aibu. Ta yi ta juya shi ya ƙi ba da tara, shi ne ta ƙara layi ɗaya a ƙarshe: a cire biyu daga abin da ke akwatin. Ya ɗaga ido zuwa jimlar, yanzu da haruffan suka yi manya, ya ƙirga. Goma sha ɗaya.

Wannan mata magani take miƙa wa mutane da safe, ga shi yau ya koya mata ta lanƙwasa lissafi mai kyau don ya dace da bakin babba. Kuma da ya ce "madalla" ya wuce, ba wanda zai taɓa sani. Mai cibiyar na tsaye a bakin ƙofa da makullai a hannu, yana jiran a tashi.

"Goge layin ƙarshen nan," in ji Malam.

"Ai in na goge, goma sha ɗaya zai koma."

"Shi ne daidai, 'yata. Ke kika yi daidai tun farko. Ni ne ba na gani."

Wani ya fara dariya, yana zaton wasa ne, ya ga ba mai taya shi. Maman 'yan biyu ta rufe baki da gefen mayafinta. Makullan da ke kaɗawa a bakin ƙofa suka yi shiru.

"Baba," mai cibiyar ya ce a hankali, "in an fita, ka ɗan leƙo ofis."

"To," in ji Malam. Ya tsaya a bayanta har ta goge layin, sannan ya laluba bayan kujera ya ɗauki hularsa.