Ba Zan Sa Hannu Ba, Baba Mai Hanji

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, sha huɗu ga watan Mayu, da hantsi, Allah ya karɓi ran ma'aikacin ɗakin gwajin magunguna na makarantarmu, wanda mu ɗalibai muka laƙaba wa Baba Mai Hanji. Shekara talatin da ɗaya ka yi a ɗakin nan, Baba, kuma duk likitan da ya fito daga makarantar ya bi ta hannunka.

Ina tuna ranarmu ta farko. Ka yanko guntun hanjin zomo kamar tsawon ɗan yatsa, ka ɗaure shi da zare, ka rataya cikin kwalbar ruwan gishiri mai ɗumi. Zomo ya mutu, hanji kuwa yana ta motsi, alƙalamin da ka haɗa masa yana hawa da sauka a kan takarda. Ka ce mana bangon hanji yana da ƙwayoyin jijiya nasa na kansa, ba sa jiran umarnin ƙwaƙwalwa. Sannan ka ɗiga maganin kashe zafi mai ƙarfi, ɗigo ɗaya tak, alƙalami ya miƙe sambal. Ka ce, "Bai mutu ba, bakinsa aka rufe. Ku wanke, ku jira." Ba ka taɓa yarda a ƙara ɗigo na biyu ba sai motsi ya dawo.

Ni ce ɗalibar da ta tsinka hanji sau uku a rana ɗaya. Ba ka yi mini tsawa ba. Ka bar abincinka ya huce, kana riƙe da bakin zaren har na iya ƙulli, kana tsokanata wai zomayen makaranta sun kai ƙarata.

Santsi ya kwashe ka a banɗaki, ƙugu ya karye, aka yi aiki lafiya. Aka rubuta maka allurar kashe zafi duk bayan awa huɗu. A rana ta uku cikinka ya kumbura, ba tusa, ba bayan gida. Ka roƙi likitan da ke zagaye, wanda kai ka koya masa riƙe almakashi, ya rage allurar ya saurari cikinka. Ya yi murmushi ya ce ka bar musu aikinsu. Ya rubuta cewa majinyaci na yawan ƙorafi, aka ɗauki nishinka a matsayin zafin ƙugu, aka ƙara allurar. Duk wanda ya taɓa fayil ɗinka ya ci jarrabawa a kan darasinka cewa maganin kashe zafi yana tsayar da motsin hanji.

Ban cire kaina ba, ni ma likita ce a asibitin. Babbar 'yarka ta kira ni ina wani taro a otal, na ce mata ta kwantar da hankalinta, kana hannun ƙwararru, na koma kan farantina. Sai rana ta biyar na zo, na tarar da cikinka ya yi tauri, kana amai. Na ɗora abin sauraro a wuri huɗu a kan cikinka. Ka ce, "'Yata, kin ji wani abu?" Na ce a'a. Ka ce, "To." Washegari aman ya shiga huhunka, ka cika.

A wurin zaman makoki na ga likitan nan a sahun gaba, sai ƙamshi yake, yana shaida wa jama'a cewa kai uba ne a gare shi. Na tashi na fita waje. Shekaranjiya kuma aka kawo mini rahoton asibiti, an ce tsufa ne da raunin zuciya, an bar mini layin da zan sa hannu. Shugaban sashenmu ya kira ni ofis, ya ce mamaci ya riga ya tafi, in duba masu rai, in kuma tuna takardar ƙarin girmana tana kan teburinsa. Na yarda kwana ne ya ƙare, amma ƙarewar kwana ba ta wanke sakacinmu ba. Na mayar masa da rahoton ban sa hannu ba.

Allah ya jiƙanka, Baba, ya sa jinyar ta zama kaffara, ya haskaka makwancinka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Mama da 'ya'yanka huɗu da jikoki, Allah ya ba su haƙurin rashi. Gobe zan kai wa babbar 'yarka bayanin abin da ya faru, rana bayan rana, da sunan kowa. Sunana ne na farko.