Maganar da na riƙe shekara shida

A lokacin ina malamar firamare a wata makaranta da ke wajen Ƙofar 'Yandaka, ban cika talatin ba, ga son aiki, amma ga riƙo. Ko kallon banza aka yi mini sai na kwana da shi.

Wata safiya na makara saboda zazzaɓin ɗana. Na tarar ana asambili, shugabar makarantarmu, wata Hajiya mai zafin rai, ta tsayar da ni gaban ɗalibai da malamai ta wanke ni tas. Har ta ce wadda ta kasa tsara gidanta, ta yaya za ta tsara aji. Yara suka yi ta dariya. Maganar ta zauna mini a ƙahon zuci. Daga ranar gaisuwar baki kawai nake yi mata, in na koma gida kuma in huce a kan 'ya'yana.

Bayan shekara biyu ƙanena, wanda ni na riƙe shi tun rasuwar mahaifinmu, ya zo yana murna wai ya sami matar aure. Da na bincika, ashe 'yar Hajiya ce. Nan shaiɗan ya samu ƙofa. Na je wurin Inna na ce gidan ba tarbiyya, uwar mafaɗaciya ce, 'yar ma haka, alhali ko muryar yarinyar ban taɓa ji ba. Inna ta yarda da ni, maganar aure ta watse. Ƙanena bai yi mini musu ba, sai dai ya nemi canjin wurin aiki ya bar garin. Ni kuwa hawan jini ya kama ni.

Bayan Hajiya ta yi ritaya, ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da ita. Malamai suka shirya dubiya gidanta a Ƙofar Ƙaura, na bi su don gudun surutu. Tana ganina ta kama hannuna da hannunta mai lafiya, tana ta sa mini albarka, wai ba ta taɓa samun malama mai riƙon amana kamata ba. Da mutane suka fita na tuna mata ranar nan. Wallahi ba ta tuna ba. Ta yi ta hawaye tana cewa in yafe mata, a shekarar mijinta na kwance asibiti, ba ta san iyakar waɗanda ta ɓata wa rai ba.

Sai da na yi mako guda kafin na iya komawa na faɗa mata abin da na yi wa 'yarta. Ta ce aure nufin Allah ne, ta yafe. Yarinyar tuni ta auri wani. Ƙanena ma ya ce ya yafe, amma har yau in na kira shi gaisuwa ce kawai, sai ya ce yana da uzuri.

'Yan'uwa, in an ɓata muku rai, ku je ku faɗa tun abin yana ɗanye, ko ku bar wa Allah. Hajiya ta yi mini laifin minti biyar ta manta. Ni na rama a kan mutum biyu da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba, kuma ɗayansu ɗan'uwana ne ciki ɗaya.