Kawuna Bai Iya Katse Magana Ba

Kafin ya zama ɗan majalisar wakilai, kawuna mai gyaran keken ɗinki ne. Shagonsa ɗan ƙarami ne a bakin kasuwa, kullum cikin ƙamshin mai da tsohon zare, ga kekuna jere a kan kanta kamar tsuntsaye masu barci. Idan mace ta kawo nata, ba ya taɓa shi sai ta gama bayani. Wata za ta fara da zaren da ke tsinkewa, ta bi ta kan ciwon bayanta, ta ƙare da ɗanta da ya ƙi makaranta, shi kuwa ya yi tagumi yana saurare. In ta yi shiru sai ya ɗan jira ko da saura, sannan ya taka keken ya kasa kunne.

Matan nan ne suka kai shi majalisa. Manya biyu na jam'iyya suka yi rigima a kan kujerar, aka nemi wanda babu mai jin haushinsa, aka sa sunan Kawu. Ranar zaɓe layin mata ya wuce makarantar da ake kaɗa ƙuri'a ya yi kwana.

Kakarmu Iya, wadda ta haife shi, ta riga ta rasa ganinta a lokacin, bayan ta ƙare ƙuruciyarta a kan keke. Ba ta roƙe shi mota ko gida ba. Abu ɗaya ta ce: tana so ta ji muryar autanta a rediyo yana magana a zauren nan.

Ni aka ɗora wa aikin kamo tasha. Duk ranar zama, bayan azahar, sai in shimfiɗa mata tabarma a inuwar baranda, ta kwanta ta ɗora rediyon a ƙirji. Muryoyi su yi ta tashi suna sauka kamar ruwa a kan kwano. Iya ta gina zauren a cikin kanta: wai rufinsa ya yi nisa har gajimare na shiga, kafet ɗinsa na haɗiye takun mutum, autanta kuma yana can tsakiya cikin farar riga. Wani lokaci barci ya kwashe ta, ta farka ta ce ta ji shi. Sai in ce a'a Iya, wani ne daban.

Abokin zamansa a majalisa, wani likita mai barkwanci, shi ya faɗa mana inda matsalar take. A zauren, wanda Kakakin majalisa ya fara gani a tsaye shi ake ba magana. Don haka tun mai magana yana tsakiyar jimlarsa ta ƙarshe mutane ke zabura. Kawu kuwa sai ya bari a kai aya, ya ɗan jira ko da saura, sannan ya miƙe a natse yana gyara hula. Kafin gwiwarsa ta miƙe an kira wani. Likita ya ce ya sha zungurar sa, har ya taɓa yi masa barazanar sa masa allura a kujera.

Haka shekaru suka shuɗe. A ɗakunan kwamiti an san amfaninsa, don shi kaɗai ke tuna abin da kowa ya faɗa, amma rediyo ba ta shiga can. 'Yan adawa a gida suka sa masa suna Kurman Majalisa. Shi dai murmushi kawai yake yi.

Da wa'adinsa ya zo ƙarshe, jam'iyya ta ba wani takara, jikin Iya kuma ya yi sanyi. Ya zo ya zauna a bakin gadonta, ta laluba fuskarsa da tafin hannu.

"Auta, ka faɗa mini gaskiya. Gadi suka ɗauke ka a wurin nan?"

Muka yi dariya, ban da shi.

A makonsa na ƙarshe a majalisa ana muhawara kan wutar lantarki a kasuwanni. Wani dattijo ya daɗe yana jawabi, Iya har ta fara lumshe ido. Sai muka ji ƙaramar murya ta ratso tsakiyar maganarsa tana cewa, Mai girma Kakaki. Kakaki ya tambaya da wace doka yake katse mai magana. Kawu ya ce ba shi da ko ɗaya. Dariya ta ɓarke, dattijon ma ya dara, ya ce ya ba shi fili, shi kansa bai san mutumin yana da murya ba.

Kawu bai yi dogon zance ba. Ya yi maganar mata masu ɗinki a rumfuna marasa haske, yadda suke kai fuska kusa da allura kaɗan-kaɗan, shekara bayan shekara, har ranar da ramin allurar zai ɓace musu. Muryarsa ta yi ta tafiya a hankali. Iya ta riƙe rediyon da hannu biyu, leɓɓanta na motsi kamar tana taya shi.

Da yamma ya bugo waya, na kara mata a kunne. Ya tambaya ko ta ji.

"Na ji ka katse babba yana magana," in ji ta. "Gobe ka je ka ba shi haƙuri."

Ya ce to, Iya.

Sannan ya ɗan jira ko da saura. Can ta juya fuska wajen bango, ta ce da shi ƙasa-ƙasa ya sake faɗa mata daga farko, wurin maganar allurar nan.