Usta Mitwalli da Babur Ɗin Madara

Duk wanda ya taɓa tura babur a garinmu ya san shagon Usta Mitwalli, babban makanike, nan gindin gada, inda hanyar birnin Dumyat ta rabu biyu. Gajere ne mai tumbi, yatsansa ɗaya na hagu guntu, injin ban-ruwa ne ya cinye masa shi a Iraƙi tun yana saurayi. Shekara tara ya yi can, ya dawo da akwatin sifanu da baki mai kaifi. Bai san kalmar "wataƙila" ba. In ka kai masa babur sai ya sa ka buga kik sau biyu, ya karkata kunne, ya faɗa maka ciwon tun ba ka sauko ba. Abin haushin, yawanci yadda ya faɗa ɗin haka yake.

Ni Sabri ne, ana ce mini Abu Wafa, wato baban Wafa, madara nake tarawa. Kullum bayan sallar asuba nakan bi gidaje goma sha ɗaya na masu kiwon ɓaunar gida da ake tatsa, in cika garewani huɗu, biyu gefen tanki biyu a baya, in kai wa Hagga Ihsan, hajiya mai yin cuku, kafin ƙarfe takwas. Hanyar gadon mahaifina ce, babur ɗin ma nasa ne, jan tsoho da ya girmi 'yata ta fari. Da wannan hanyar nake ci da mutum shida.

To, a tsakiyar zafin bana babur ya tsiro da wani iskanci. In tashi lafiya lau, in yi tafiyar kamar minti goma, sai ya fara shaƙewa yana fizga, ɗif ya mutu. In yi ta buga kik har ƙafa ta yi tsami, in kwance filogi in goge, in zage shi, in zagi wanda ya ƙera shi. Sai na gaji na leƙa mai a tanki na zauna, can sai ya tashi kamar ba shi ba. Sau uku a hanya ɗaya, madara kuwa ba ta jiran kowa a wannan rana.

Na kai wa Usta da la'asar. Ya saurara, ya ce filogi, ya canza. Washegari babur ya mutu. Na koma, ya ce kafireta, ya kwance ta ya wanke da fetur ya hure kowane rami. Washegari ya mutu. Zuwa na uku ya canza koyil, ya hau ya zaga gari da kansa, babur na gudu kamar za shi ɗaurin aure.

"Abu Wafa, wannan ya fi ka lafiya," in ji shi. "Kai dai ba ka iya tuƙi ba."

"Shekara ashirin ina kansa, Usta."

"Jaki ma yana shekara ashirin da amalanke, bai san yadda aka haɗa ta ba."

Na yi dariya ne kawai don ba ni da wani makanike, amma raina ya ɓaci ƙwarai. A makon nan sau biyu madarata na tsinkewa a tukunyar Hagga Ihsan. Ranar Laraba ta kira ni gefe, ba faɗa ba hayaniya, ta ce, "Sabri, albarkacin mahaifinka nake ɗaga maka ƙafa. Gobe in takwas ta wuce, Ramzi zai karɓi gidajenka." Ramzi ɗin nan keke mai taya uku gare shi sabo fil, ya daɗe yana zagaye hanyata.

Daga nan shagon Usta na nufa, na faɗa masa komai. Ya zagaya babur ɗin yana dubawa. Sannan ya ce, "A gabana ba ya mutuwa, a gabanka yake mutuwa. Ke nan ciwon yana inda ba na zuwa. Gobe ka biyo ta nan."

Mutumin da ko gaisuwar mutuwa sai an roƙe shi yake barin shago, shi na tarar tsaye bakin gada gari na wayewa, da jallabiyarsa mai baƙin mai da sifana biyu a aljihu. Ya ɗare baya tsakanin garewani, tumbinsa na tura ni kan tanki. Muka bi gidaje muna awo, mata na leƙowa suna dariya.

Bayan gida na bakwai, kan hanyar bakin ruwa, babur ya fara fizga. Ya mutu.

Na kai hannu zan kwance filogi, ya buge mini hannu. "Kada ka taɓa komai. Wuta, mai, iska, ɗaya bayan ɗaya." Shi ya kwance filogin, ya jingina shi da jikin inji, ya ce in buga. Wuta ta yi tsalle shuɗiya shar. "Wuta lafiya." Ya durƙusa ya zare tiyon mai daga kafireta, ya buɗe famfo. Ɗigo biyu, uku, shi ke nan.

"Ba ka da mai?"

"Jiya na cika shi. Tsaya ka gani."

Na murɗa murfin tanki. Sai muka ji wani ɗan sauti, fiiit, kamar an buɗe kwalbar lemo, nan take mai ya tsinke ta tiyo yana zuba a kan takalminsa. Usta bai kalli man ba, hannuna ya tsura wa ido. Leda ce ninki biyu nake cirewa daga bakin tankin.

"Mece ce wannan, Abu Wafa?"

Na yi masa bayani, ni a ganina ma dabara ce. Robar murfin ta cinye, mai na ɗan tsattsafowa kan garwar gaba, kwanakin baya Hagga ta ce tana jin warin fetur. Mu masu madara kowace garwa sai mun shimfiɗa mata leda kafin mu danna murfi, don kada ta zuba a gargada. Shi ne na yi wa tanki haka.

"Da la'asar da kake kawo mini shi, ina ledar take?"

"Ai in na wanke garewani da azahar nakan cire duka in shanya."

Ya juya murfin ya nuna mini wani ɗan rami kamar na allura. "Ta nan tanki yake numfashi. Mai ba ya sauka sai iska ta shiga ta maye gurbinsa. Kai kullum da safe sai ka toshe masa hanci, in ya suma ka yi rabin awa kana dukansa, sai ka buɗe ka leƙa mai, ya sha iska ya farfaɗo, ka sake toshe shi. Ni kuma ka mai da ni mahaukaci sau uku." Ya cusa ledar a aljihu, ya mayar da tiyo. Bugu ɗaya babur ya tashi. Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa fuskata.

Sauran gidaje huɗu, ga mutum biyu a kan tsohon inji. Duk gudun da na yi, takwas da kwata muka shiga harabar Hagga Ihsan. Keken Ramzi na tsaye a inuwa, shi kuma yana shan shayi da ma'aikata. Hagga ta dubi agogon bango, ta dube ni. Na buɗe baki zan faɗi maganar leda, na san kuwa in na faɗa, kafin azahar duk garin ya ji cewa mai madara ya kashe babur ɗinsa da hannunsa, kuma ya lalatar mata da tukunya biyu a banza.

Usta ya riga ni. Ya sauko yana dafe da ƙugu, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Hagga, laifin nawa ne. Sau uku mutumin nan yana kawo mini babur, sau uku ina gyara abin da bai lalace ba, don na ƙi tashi daga kujera in bi shi in gani. Yau na gani, na gyara. In ya ƙara makara, ki aiko a rufe shagona."

Ramzi ya ajiye kofinsa. Hagga ta dubi Usta, sannan ta sa aka ɗebo ludayi ɗaya daga kowace garwa aka ɗora a wuta. Muna tsaye har ta tafaso, fara sol, ba ta tsinke ba.

"Gobe kafin takwas, Sabri," in ji ta, ta juya ciki.

A hanyar komawa na ce, "Usta, me ya sa? Ai ni na yi."

"Abin da na faɗa ƙarya ne?" ya ce a bayan kunnena. "Sunana zai iya ɗaukar wannan, naka ba zai iya ba. Ka kula da rami, kana karya mini baya."

Sunan nasa ya ɗauka kuwa, amma da nauyi. Wata guda cur ana yi masa tsiya a gidan shayi, wai Usta ya tsufa, kunne ya mutu. Mutum biyu da na sani suka kwashe baburansu suka koma wajen wani makanike a garin Faraskur. Yana ji, yana kurɓar shayinsa, bai taɓa ambaton leda ga kowa ba. Ni ma ban ambata ba, tsoro ya hana ni, kuma abin yana ci mini rai har yau. Shi ya sa nake faɗa yanzu da bakina.