Majigin da Ya Kori Kakata

Ranar wata Laraba ce cikin daminar 1956, an gama noman firi ana shirin maimai, motar majigi ta shigo ƙauyenmu ta hanyar Kiru tana nishi cikin taɓo. Ina 'yar shekara tara ko goma, muna carabke a gindin tsamiya, faifan tallata na ajiye a gefe. Muka watsar da duwatsun muka bi mota a guje har ƙofar gidan dagaci, inda aka kafa sanduna biyu aka ɗaure wani farin ƙyalle. Fim ɗin a naɗe yake cikin manyan gwangwanaye uku masu faɗi. Da yake hotunan ba sa magana, akwai wani malami mai farar riga da jar dara wanda aikinsa shi ne ya riƙe lasifika yana yi wa jama'a bayani. Kakata, Iya Tabawa, ba ta barin baƙo ya kwana a gari bai ɗanɗana aikin hannunta ba, don haka ta aike ni da daddawa a ganye na kai masa. Ya shinshina, ya lumshe ido, ya ce ko a birni bai taɓa jin irinta ba.

Gaskiya ya faɗa. Tun daga Ɗansoshiya har kasuwar Kiru, duk matar da ta san miya ta san daddawar Iya Tabawa. A hannunta na tashi, kuma aikin nan ba ƙaramin aiki ba ne. Kalwa za ta wuni a kan wuta cikin babbar tukunya, a surfa ta da toka, sannan da yamma lis, bayan masu ɗiban ruwa sun watse, Iya ta ɗauki kwando ta nufi kududdufi ta wanke, don ba ta son a riƙa dagula mata ruwa. A sake dafawa, a rufe da ganye har ta yi wari, a kirɓa, a shanya. Ni ce mai itace da iza wuta, ni ce mai korar kaji daga shanya. Wuta ba ta mutuwa a gidanmu, saboda haka kullum akwai tukunyar ruwa a gefen murhu tana tafasa. Iya ta ce ɗanyen ruwa yana tsinka mata haƙora, sai ta juye tafasasshen a randa ya huce, mu ma duk shi muke sha, ba don mun san wani amfaninsa ba, sai don shi ne a randar. Har tsiya 'yan uwana 'yan talla suke yi mini, wai ruwan gidanmu ƙaurin hayaƙi yake yi.

A daminar nan kurkunu ya yi wa garinmu dirar mikiya. Majiya ƙarfi suna kwance a zaure da kumburarrun ƙafafu, ciyawa na cinye gero. Kusan babu gidan da bai shiga ba, sai namu. To, a cikin wannan hali aka kunna inji bayan sallar isha'i, haske ya faɗa kan ƙyalle, muka ga wani ƙauye kamar namu, da kududdufi kamar namu. Fim ɗin ba ya sauri ko kaɗan. Sai a nuna ruwa kwance shiru, a daɗe ana nuna shi har ka fara jin kamar wani abu na kallonka daga ƙasansa. A nuna manomi ya ɗebo ya sha, a nuna gonarsa, a nuna shi kwance, matarsa ta yi tagumi. A koma kan ruwan. Babu dodo, babu ihu, amma ban taɓa jin tsoro mai daɗi irin wannan ba. Na ƙanƙame ƙawata, ina so in rufe ido ina kuma tsoron kada abin ya fito ban gani ba. Ko tarin tsofaffi ya ɗauke.

A gwangwani na biyu aka nuno wata tsohuwa. Ita kaɗai take zuwa bakin ruwa idan kowa ya tafi, ta durƙusa ta juya mana baya tana wani abu da ƙyalle. Kuma gidanta kaɗai ciwon bai shiga ba. Malamin nan ya ga ya kama zukatan mutane, sai ya ƙara wa miya gishiri. Ya sassauta murya yana tambaya, me wannan baiwar Allah take nema a bakin ruwa ita kaɗai, kuma me ya sa kowa ya kwanta ban da 'yan gidanta? Ana cikin haka iska ta taso, ƙyalle ya fara kaɗawa, kafin a ɗora gwangwani na uku ruwa ya ɓarke. Masu majigi suna ta rige-rigen kwashe kaya, wani dattijo ya riƙe hannun rigar malamin ya ce, "Malam, ka faɗa mana mana, mayya ce?" Ina tsaye kusa da su, da kunnena na ji. Malamin ya yi dariya ya ce, "Ku duba garinku da kyau, ba a rasa irinta. Laraba mai zuwa za mu dawo ku ga ƙarshe." Ya san ƙarshen sarai, ya nuna shi a garuruwa da yawa, wasa kawai yake yi da mu.

Magana zarar bunu ce. Laraba ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, babu mota. Mutane kuwa aka bar su da rabin labari, suka ƙarasa shi da kansu. Na fara gane haka ne a wajen talla. Gidajen da nake shiga har tsakar gida ana tsokanata, sai aka koma cewa daga bayan danga, "A kai kasuwa." Na riƙa dawowa da faifai yadda na fita da shi. A dandali, da na shiga layin gaɗa sai waƙa ta mutu. A makarantar allo aka bar mini tabarma guda ni kaɗai. Malaminmu ya yi faɗa, ya ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, kowa ya ce haka ne, aka kuma ci gaba da zaton. Babana ya taka har Kiru ya roƙi a dawo da majigin ko don a wanke uwarsa, aka ce masa mota ta yi Tudun Wada, daga can za ta wuce Doguwa, kuma ba a nuna wa gari ɗaya sau biyu a shekara.

Wadda ta fi ƙona mini rai ita ce Gwaggo Azumi, maƙwabciyarmu, aminiyar Iya tun suna amare. Iya ce ta yanke wa 'ya'yanta cibiya, ba ta kuma taɓa sayen daddawa ba, kyauta ake kai mata. Da ƙafar autanta Sani ta kumbura, zazzaɓi ya sa shi sambatu, ita ce ta zo ƙofar gidanmu da mutane a bayanta tana cewa Iya ta fito ta tsallaka shi. Haka al'adar take, wanda ake zargi da kama kurwa sai ya tsallaka majinyaci don ya sake ta. In ka ƙi, an ce ka ƙi saki, in ka yarda, an ce ka amsa laifi. Babana ya ɗauko sanda, Iya ta hana shi. Ta dubi aminiyarta ta ce, "Azumi, ni ce fa." Gwaggo Azumi ta kau da kai. Iya ta gyara ɗaurin zaninta, ta je ta tsallaka yaron a gaban jama'a, ta dawo ta zauna tana iza wutar kalwa. Bayan 'yan kwanaki kurkunun ya fasa, aka naɗe shi a tsinke kamar yadda aka saba, Sani ya miƙe. Warkewarsa ita ta gama da mu, domin kowa ya ce ga shaida nan.

Da kaka ta yi, Iya ta ɗaure tukwanenta a kan jaki ta koma Riruwai wurin ƙanenta mai aikin haƙar kuza. Ta ce can baƙi ne daga ko'ina, ba wanda ya san ta balle ya guje ta. Babu wanda ya fito rakiya sai mu. Ba ta shekara ba aka aiko mana ta rasu.

Shekara biyu bayan haka majigi ya dawo, da rani, da wani mai bayanin daban, kuma fim ɗin nan dai aka kawo. Na zauna a gaba na ƙi ko ƙifta ido. Aka ɗora gwangwani na uku, aka zagayo da mu gaban tsohuwar, muka ga abin da take yi. Tace ruwa take yi da ƙyalle, ta kai gida ta tafasa. Shi ke nan. Sai ga ma'aikacin lafiya yana nuna wasu ƙananan ƙwari a cikin ruwa, mai bayani yana cewa su ke kawo kurkunu, kowa ya yi koyi da ita. Ashe ita ce mutuniyar kirkin labarin. Wani ya ce, "Allahu akbar, ashe haka ne." Gwaggo Azumi ta ja mayafi ta rufe fuska ta sulale. Washegari ta aiko mana da ƙwaryar gero, babana ya mayar mata. Ni kuwa haushi biyu na kwana da shi, na abin da aka yi wa Iya, da na ganin cewa duk tsoron nan da aka tara mana a ciki, a kan ƙwaron da ido ba ya gani ne.

Yanzu jikokina a waya suke kallon finafinan ban tsoro, irin waɗanda ake jan rai, gida shiru, ƙofa na motsi, ana ta jiran aljanin da ba ya fitowa. Nakan zauna tare da su, kuma ba zan ɓoye ba, har yau ina jin daɗin jiran nan. Na dai lura ƙarshensu bai cika biyan wahalar jira ba, kuma kafin a kai can sai an sami wata tsohuwa an ɗora mata ido. Su in barci ya ɗauke su sai su kashe, su ce gobe sa ƙarasa. Ni ba na yarda, sai na tashe su mun kai ƙarshe, suna ta mita wai Hajiya ta cika naci. Miya kuwa yanzu da ɗan dunƙulen kanti ake yin ta, na kuma bar neman mai ƙamshin ta Iya. Gwangwani ɗaya ya rage a nuna mana a daren da majigi ya fara zuwa, da an nuna shi, da Iya a ɗakinta za ta mutu.