Haddar da Ban San Ma'anarta Ba

A shekarata ta uku a Alƙahira na koma unguwar Hadayek el-Maadi. Mu biyu muka kama ɗaki a hawa na huɗu, ni da wani ɗan garinmu mai karatun hadisi, mutumin kirki, sai dai ko kyanwa ta gifta sai ya nemi tsari. Ƙofar da ke kallon tamu ta wani tsohon Bature ce, dogo, ramamme, wanda ba ya buɗewa sai ya jima yana leƙe ta 'yar huda.

Mai gadin gidan ne ya ce mini marubucin waƙoƙi ne daga ƙasar Cek. Ya gudo tun da ƙuruciya, lokacin da gwamnatinsu ke ɗaure mutum kan baiti ɗaya. Gwamnatin ta faɗi tuntuni, amma shi har yanzu idan ya ji takun mutum a matakala sai ya kashe rediyo.

Wata rana bayan la'asar ya tare ni. Ashe yana jin tilawata ta bango.

"Ya ibni," wato ɗana, ya ce da Larabcinsa mai nauyi, "duk littafin nan a kanka yake?"

"Duka, Baba."

"Kafin ka iya Larabci ka haddace shi?"

Na yi dariya. "Haka ake yi a wurinmu. Baki ya fara kamawa, ma'ana ta biyo daga baya."

Bai yi dariya ba. Ya dube ni irin duban da mai saye ke yi wa tukunya, yana neman inda ta tsage.

Washegari ya kira ni ɗakinsa, bayan ya sa na bar wayata cikin takalmina a waje. Ya ce yana da waƙoƙi tara da bai taɓa rubutawa ba. A ƙuruciyarsa 'yan sanda sun kwashe littafinsa, suka ga sunan amininsa a ciki, suka ɗaure shi har ya rasu. Tun daga ranar bai yarda ya sa waƙarsa a takarda ko na'ura ba. Waƙoƙin na 'yarsa ne, wadda ya bari tana goye, kuma ba ta taɓa amsa wasiƙarsa ba.

"Kaina ya fara yoyo," ya ce. "Ka riƙe mini su. Idan ta zo, daga bakinka zuwa kunnenta."

Na ɗauki alƙawari da sauri, irin na mai taƙama da ƙwaƙwalwarsa. Harshen nan kuwa ya ba ni kashi. Baƙaƙe ne a cunkushe ba wurin numfashi. Sai na roƙe shi ya bar ni in riƙa rubuta sautin da ajami, kamar yadda muke rubuta darasi a allo. Ya juya takardar sama da ƙasa, ya gamsu ba ɗan leƙen asirin da zai iya karanta ta, sannan ya yarda. Ma'ana kuwa ya ƙi gaya mini. Ya ce abin da ban sani ba, ba mai iya matse shi daga bakina. 

Wata huɗu muna yi. Ina ƙaruwa, yana raguwa. Ya fara kirana da wani suna da ba nawa ba. Rannan na same shi ya jingina kujera a bayan ƙofa, yana cewa 'yan sandan sun iso unguwar. Waƙoƙi takwas sun zauna daram a kaina. Ta taran ce sabuwa, kwana uku kacal da na rubuta ta, kuma ita ce ya fi shan wahalar fito da ita.

A rana ta ukun nan na dawo daga lacca da azahar na ji ƙauri tun daga matakala. Abokin zamana na zaune gaban tasa, da toka a ciki, fuskarsa cike da tausayina. Yana shara ne ya ga takardun ƙarƙashin katifata. Haruffan Larabci, amma ba Larabci ba, ba Hausa ba, ga shi kullum ina shiga ɗakin baƙon da ba ya salla ina fitowa ina ƙunƙuni.

"Malam, sihiri ne aka haɗa ka da shi," ya ce. "Ban zuba a bola ba, saboda darajar haruffan. Na ƙona. Khalas, shi ke nan, Allah ya kuɓutar da kai."

Wallahi ban taɓa jin ina son marin mutum kamar ranar ba. Abin da ya hana ni shi ne, da ni na tsinci irinsu a ƙarƙashin katifarsa, da ƙila haka zan yi.

Na ruga ƙofar tsohon. Ya leƙo ta hudar, ya daɗe, sannan ya ce, "Wa ya aiko ka?" Bai buɗe ba. Bayan mako guda aka kai shi asibiti, bai dawo ba.

'Yar ta zo kwashe kayansa. Mace ce sa'ar mahaifiyata, da furfura, da dogon wuyansa sak. Da ɗan Turancina na yi mata bayani. Ta zauna a bakin kujera da jaka a cinya, kamar mai jiran mota. Na naɗe ƙafa a ƙasa, na rufe ido, na fara, ina rangaji yadda na saba.

A ta biyu ta ajiye jakar. A ta biyar na ji tana jan hanci. Na shiga ta tara, baiti ɗaya, biyu, uku, huɗu, sai na tsaya cak.

"Nan ya kira sunana," ta ce a hankali. "Ya ce zai gaya mini abin da ya faru ranar da ya tafi. Ci gaba."

Na koma farko na taho da gudu, yadda muke yi idan aya ta ɓace. Na sake tsayawa a wurin. Sau uku. A gida idan ka kakare, wani a gefe yakan jefo maka kalmar farko, sauran su biyo. Na buɗe ido na dubi kujerar tsohon, sannan na dube ta. Ta sunkuyo, bakinta a ɗan buɗe, tana jira.